Na ga tsohon baka a haraj ɗin Jidda, in saya ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Jidda ne, shekaranjiya na shiga haraj ɗin Sawarik, wato kasuwar gwanjon tsofaffin kaya, na ga wani tsohon baka na Amurka mai lanƙwasassun kai, an rubuta Bear Grizzly a jikinsa da 55# da AMO 58", babu tsirkiya. Mai shi ya ce ɗan 1953 ne don ga shekarar nan a jiki, yana neman riyal 600. Ban taɓa harbi ba amma ina sha'awa sosai. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in fara da 1953 ɗin nan don kar a yi maka ciniki da ita. Wannan ba shekarar da aka ƙera bakan ba ce, shekarar rajistar fasahar ce a Kanada, kuma kamfanin Bear da ya ƙera shi ya ci gaba da buga ta a jikin bakunansa har farkon shekarun 1970, ka ga kenan shi ma mai sayarwar ƙila bai sani ba, ba lallai yaudara ce ba. In an rubuta Grayling, Michigan to kafin su koma Gainesville ta Florida ne a 1978. Sannan na tsakanin 1965 zuwa 1969 lambar farko ta siriyal ɗinsu ita ce ƙarshen shekarar, wato in ta fara da 7 to 1967.

Amma ni wallahi shekarunsa ba su dame ni ba, na harba bakunan da suka girme ni kuma lafiya lau suke aiki. Abin da ya dame ni shi ne inda ya kwana duk shekarun nan. Irin wannan baka ba itace guda ba ne kamar na maharbanmu na gida, siraran katako ne aka haɗa da faiba gaba da baya aka manne da gam, kuma babban makashin gam ɗin nan zafi ne, to kai ka san Jidda, ga zafi ga raɓar teku, in ya yi shekaru a sito ko saman rufi ko a shimfiɗe a rana a kasuwa to sai an yi dogon bincike. Ka koma da rana tsaka ka riƙe shi a haske, ka bi gefen reshensa da farce tun daga mariƙi har kai, duk inda farcenka ya shige tsakanin katako da faiba ka ajiye musu kayansu ka yi sallama, ko kyauta ne. Siraran layuka da suka bi tsawon faiban yawanci tsufa ne kawai, amma tsagar da ta gitta ta faɗi, wannan karyewa ce ke jiran rana, kuma baka in zai karye a hannu fuska yake nema. Ka duba kan nan biyu inda tsirkiya ke zama ko sun tsage. Sai ka ɗaga shi ka hango daga wannan kai zuwa wancan kamar mai duba miƙewar sanda, in reshe ɗaya ya karkace gefe to ya murɗe, kaɗan ana iya gyarawa, mai yawa kuwa tsirkiya za ta riƙa zamewa.

To a ce ya tsallake duk wannan. 55# ɗin nan nufinsa fam 55 in an ja shi inci 28, kusan kilo 25 kenan a kan yatsu uku, in kuma kai dogo ne jan ka ya wuce haka kowane inci na ƙara fam 2 zuwa 3. Ga wanda bai taɓa harbi ba ya yi tauri ƙwarai, ba maganar ƙarfi ba ce, na ga ƙarti masu ɗaga ƙarfe suna kakkarwa da shi don naman bayan kafaɗa ake amfani da shi ba damtse ba. Za ka koyi sakin kibiya tun kafin hannu ya iso bakinka, kuma wannan ɗabi'a in ta kama mutum fitar ta sai an sha wuya. Nemi mai fam 25 zuwa 30 ko sabo ne mai araha ka yi wata shida da shi, Grizzly ɗin ya jira.

Tsirkiya kuma nan ne mutane ke kashe tsofaffin bakuna da hannunsu. Dacron kawai za ka sa masa, irin B50, kar wani mai shago ya liƙa maka Fast Flight ko danginta wai ta fi gudu, ba ta miƙewa kuma kan tsohon baka ba a ƙarfafa shi don ita ba, yanka shi take yi. Ka ce musu ta baka mai AMO 58, wato ma'aunin tsawon bakan inci 58, za ta zo gajeriya da inci 3 zuwa 4, daidai ne. Wajen ɗana shi ka yi amfani da igiyar ɗana baka wadda ake takawa a ɗaga, banda saƙala ƙafa a lanƙwasa, yawancin murɗewar da na faɗa daga nan take. Ranar farko kar ka harba, ɗana shi ka bar shi awanni, ja rabi ka mayar a hankali kana kasa kunne, in ka ji ƙas ƙas tsaya. Kuma ko da wasa kar ka saki tsirkiya babu kibiya, yaran gida ma ka ja musu kunne.

Kibiya ka nemi mai gashin tsuntsu na gaske ba roba ba, don a kan mariƙi take kwanciya, roba tana bugunsa ta karkace. Kar ta yi rashin nauyi, ita ma cutar bakan take.

Sai abin da ya taɓa ci na. Na bar wani nawa a ɗane cikin mota na shiga sallar azahar da cin abinci a Madina, can wajen Jabalur Rumat, dutsen maharban Uhudu ma kuwa, kafin in fito reshen sama ya buɗe kamar littafi. In ka saye shi ɗaki mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, za ka ajiye shi, a kwance kan ƙusa biyu, tsirkiya a sauke. Kuma tunda babu tsirkiya ba ka ga yadda yake a ɗane ba, ka ce da mai shi sai an ɗana a gabanka kafin a yi maganar 600 ɗin.