Ko addini zai ɓace? Amsata

Ɗan'uwa, ka tambaya ko addini zai ɓace wata rana, yaƙi ya bi shi. Ni dai ban ga alama ba. Albaniya ta haramta addini kwata-kwata a 1967, ta rufe masallatai da coci-coci, amma gwamnatin gurguzu na faɗuwa mutane suka koma ibadarsu.

Yaƙi kuwa yana da wasu iyayen. Da Faransawa suka ci Damagaram a 1899, ƙasa suke so da hanyar tafkin Cadi. Ban ce ba a fakewa da addini ba. Coci-cocin da aka ƙona a garin nan a Janairun 2015 har yau abin yana ci mini rai, don maƙwabtanmu ne masu ibada a ciki.