Yaya, ba surkulle Ummi take yi ba

Yaya, sau uku na saurari saƙon muryarka, kuma na ɗan ji zafi. Na turo maka bidiyon Ummi don ka ga 'yarka ta girma, kai kuma abin da ya tsaya maka a rai shi ne wane irin yare take yi, ba Hausa ba, ba Larabci ba, ba ma Turanci ba. Har da tambayar ko addu'ar coci ake koya mata. Haba Yaya.

Yaren mutanen Ayalan ne. Su suna ce masa Gaeilge, mu a gida Ayirish muke cewa. Tsarin mulkinsu na 1937 shi ya sa a gaba, Turanci yana biye, kuma yaro tun yana ɗan shekara 4 ko 5 yake fara shi a firamare. Abin da ka gani wasa ne. Malama za ta tsaya ta ce "Deir Ó Grádaigh", wato "Ogradi ya ce", sannan ta ba da umarni: a sa hannu a kai, a kama hanci, a taɓa kunne. Ceann kai, srón hanci, cluas kunne, béal baki, bolg ciki. In ta ba da umarnin ba ta ambaci Ogradi ba, duk wanda ya motsa ya faɗi, sai ya koma ya zauna yana kumbura baki. Ni da nake aikin taimaka wa malama a wani aji a nan gefen Dablin, babban birnin Ayalan, da wannan wasan na koyi nawa, ina uwar 'ya'ya uku. Kuma na fi malamar saurin gane wani abu: lámh ɗinsu hannu ne tun daga kafaɗa har tafi, cos kuma ƙafa ce gaba ɗayanta, kamar dai namu. Turanci ne mai rarrabewa.

Na launi ya fi hayaniya. Ta ce dearg, yara su ruga su taɓa jan abu. Ta ce buí, su nemi rawaya. Ruwan hoda kuwa bándearg suke cewa, fari da ja a haɗe, ba wahala. Wata rana a ajin su Ummi aka ce dubh, wato baƙi, sai wani yaro ya zo da gudu ya ɗora yatsa a kumatunta. Ta dawo gida tana ba ni labari tana dariya, ni kuwa ban yi barcin kirki ba. Washegari na je. Malamar ta ba ni haƙuri fuskarta ta yi jawur, sannan ta gaya mini abin da ban taɓa ji ba: a yarensu baƙar fata ba dubh ba ne, duine gorm ake cewa, shuɗin mutum, don a tsohuwar maganarsu "baƙin mutum" sunan Shaiɗan ne. Ka ji, ƙanwarka shuɗiya ce a nan, sai ka ce an tsamo ni daga marinar Ƙofar Mata.

Ka ce me ya kai mu wahalar yaren da su kansu ba sa yi a kasuwa. Gaskiyarka ta wani gefen. A ƙidayar 2022 waɗanda suke yin sa kullum a wajen makaranta ba su cika dubu 72 ba. Amma ka san yadda aka yi ya kai haka? Yunwar da ta fara a 1845 ta fi cin yankunan masu yaren, wasu suka mutu, wasu suka tsallaka Amurka. A zamanin mulkin Ingila kuma akan rataya wa yaro ɗan itace a wuya, duk lokacin da ya yi yaren gidansu a yi masa tsaga, a tara a yi masa duka. Da na ji wannan sai na tuna monita yana rubuta sunan wanda ya yi Hausa a aji, da kwabon tara da kake biya mini don kada Baba ya ji. Ka manta ne?

Maganar da ta fi ci mini rai ita ce wai yaran nan sun tashi daga Hausawa. Ban ce bakinta ya zauna ba. Ƙafa "kafa" take cewa, ƙofa "kofa", kuma in ta yi fushi da Turanci take faɗa. Amma ita da kanta ta tsige Ogradi ta naɗa Hajiya. Kowace Asabar in mun taru da matan Kano, Zariya da wata baiwar Allah 'yar Damagaram, yara goma sha wani abu suna tsalle a falo: "Hajiya ta ce a kama gwiwa! Hajiya ta ce a taɓa haɓa!" Ummi ta san shunayya, ta san ruwan goro, ta san tsanwa. Ka gwada su Abba naka da ke tsakiyar birni, ka nuna musu shunayya, ka ji da wane yare za su amsa.

Batun aure kuma da ka ɓullo da shi a ƙarshe, wai gobe Bature za ta kawo mana, yarinyar da haƙoranta na gaba ma ba su fita ba. Eh, an yi a cikinmu, mutumin ya musulunta a masallacin unguwar Clonskeagh a nan Dablin, an yi kamu, an yi buɗar kai, uwarsa ta ɗaura ashoƙe a karkace. Yana cin tuwo da hannu fiye da mijina. In lokacin Ummi ya zo, kai ne waliyyi, ba inda maganar za ta bi sai ta gabanka.

Ran Juma'a bayan la'asar ɗinku zan kira ta bidiyo. Ka sa a kawo Hajiya kusa da waya, Ummi tana so ta ji umarnin daga bakin mai sunan. In kuma ka sami mai tahowa, kuka da daddawa sun ƙare mini tun azumi.