Rose ta mutu ne, ko mafarki take yi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Mun sake kallon fim ɗin Titanic ni da ƙanwata, gardama ta kaure a kan ƙarshensa. Ni na ce tsohuwa Rose ta mutu ta tarar da masoyinta Jack a lahira, ita ta ce barci take tana mafarki. Yayanmu kuma ya ce mu yi istigfari, wai mun sa mace Aljanna ba da izini ba. Waye da gaskiya?

Amsa: Malama, wannan gardamar ta girmi yawancin masu yin ta, tun 1997 da fim ɗin ya fito ake tafka ta. James Cameron, wanda ya rubuta labarin ya kuma ba da umarni, da gangan ya bar wurin a buɗe. Amma ni ina bayanki, kuma ga dalilina.

Ki tuna daren da jirgin ya nutse. Jack yana cikin ruwan ƙanƙara ya sa ta yi alkawarin za ta rayu, ta haihu, ta mutu tana tsohuwa a kan gadonta cikin ɗumi. Shekara 84 bayan nan sai ga ta, tana da shekara 100, ta jefa sarƙar lu'ulu'un nan cikin teku, ta koma ta kwanta. A gefen gadon ga hotunanta, har da wanda take kan doki a bakin teku, abin da suka taɓa cewa za su yi tare. Alkawari ya cika, saura gaɓa guda.

Sannan, a fitowar ƙarshe da aka nuno ta ta koma cikin Titanic, ki dubi waɗanda suka tarbe ta a matattakalar jirgin: Kyaftin Smith, Thomas Andrews da ya tsara jirgin, Fabrizio abokin Jack, da 'yar yarinyar nan Cora. Duk ruwa ya ci su. Mahaifiyar Rose da ta tsira ba ta nan, Cal da aka yi mata baiko da shi, wanda shi ma ya tsira, ba ya nan. Agogon da Jack yake tsaye a gabansa kuwa yana nuna ƙarfe 2:20, daidai lokacin da Titanic ya nutse a ranar 15 ga Afrilu, 1912. Mafarki ba ya zaɓen baƙinsa da irin wannan tsantseni.

Ƙanwarki ba ta rasa hujja ba. Waƙar da ke biyo bayan wannan fitowar da zancen mafarki ta fara, kuma ba a nuna mana numfashin tsohuwar ya tsaya ba. Wanda nake tausaya wa dai shi ne Calvert, mijin da ta aura ta haifa wa 'ya'ya: aure ya yi shekaru, aka zo lahira aka wuce wurin saurayin kwana kaɗan.

Batun Yaya kuma, a kwantar masa da hankali. Rose da Jack ba su taɓa rayuwa ba, ƙirƙirarsu aka yi, to babu hisabi a kan wanda ba a busa wa rai ba. Abin da aka nuna ma ba Aljannar da muka sani ba ce, jirgi ne da fitilu da tafi, lahirar da marubuci ya gina wa labarinsa. Inda ya kamata a kama baki shi ne kan Smith da Andrews, da mutum kusan 1,500 da suka halaka da gaske a daren nan. Su makomarsu tana wurin Allah.