Ku Tambayi Anti: Shimfiɗar kyanwa da ta kare wadda za ta wanku

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, don Allah a taimaka min da shawara. Mussata ta haihu kuma ba inda take son kwana sai kwandon kayan wankina ko saman katifar yara, gashi ko'ina, ga shi na fara ganin ƙuma. Na ga gadajen kyanwa na kanti a Facebook amma tsada wallahi. Ina da keken ɗinki, mi zan ɗinka mata wanda zai wanku? Sannan maigida na da karen gadi, shi ma a ƙasa yake kwana. Daga Maman Biyu, Mabera.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba ki ladan tausayin dabba. Ki manta da na kanti, mai keke a ɗaka ba ta buƙatar su, da yawansu ma gashin roba ne da aka yi don ƙasashen sanyi, a Sakkwato da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu kyanwa ko kallon shi ba za ta yi ba, siminti za ta nema.

Abin da nake so ki riƙe shi ne kar ki ɗinke ciko da riga wuri ɗaya. Cikon daban, rigar daban, kamar filo da rigarsa, kuma rigar ki yi guda biyu don in ɗaya na kan igiya ɗaya na aiki. Dalili kuwa ƙumar nan da kika gani. Wadda ke jikin kyanwa kaɗan ce, ƙwan da take yi ba ya manne wa gashi, zubowa yake a inda dabbar ke kwanciya, nan zai ƙyanƙyashe ya girma ya sake hawa jikinta, to kyanwa kuma tana barcin awa 12 zuwa 16 a rana, kin ga shimfiɗar da ba a iya cire mata riga a wanke ta zama gidan ƙuma ke nan, har ta iso ga yara.

Yadi ki nemi na auduga mai kauri, tsohuwar atamfa da ta sha wanki ta yi laushi, ko wandon jins na gwanjo ki farke ƙafafun. Banda leshi da duk mai ramuka, farce na maƙalewa. Na kyanwa inci 20 kowane gefe ya isa, tunda da jarirai ki kai shi 24. Ki yanka fuska ɗaya cikakkiya, bayan kuma ki yi shi gida biyu, kowanne ki kalmashe bakinsa, ki ɗora ɗaya kan ɗaya su haɗu da kamar inci 5, sai ki bi gefe huɗun da ɗinki sau biyu ki juya. Shi ke nan, ba zif ba maɓalli, ta wannan bakin za ki riƙa zura ciko ki fitar. Kuma don Allah ki bi duk zaren da ya yi saura ki datse, allura ma kar ki bar ta a ƙasa, kyanwa na son wasa da zare kuma in ta haɗiye yana iya yanka mata hanji.

Ciko kuma tsohon tawul biyu a ninke ya fi komai, yana wankuwa yana bushewa da wuri. Guntayen yadi na wajen tela ma sun yi in kin zuba su a 'yar jaka kin bi ta da ɗinki layi-layi don kar su dunƙule gefe guda. Soson katifa ni ban so shi ba, in fitsari ya shige shi warin ba ya fita, sai dai ki sa shi cikin leda mai kauri tukuna. In hunturu ya shigo sai ki saka shimfiɗar cikin kwali ko tsohon baho, suna son wuri mai bango, balle mai shayarwa.

Wanki sati-sati, a kakkaɓe a waje, ruwan zafi sosai da sabulu, a ɗauraye da kyau, a shanya a tsakiyar rana har da cikon. Kar ki zuba Dettol ko Izal a ruwan, guba ne ga kyanwa saboda tana lasar jikinta, haka ƙwayar kafur ta cikin akwati, fiya-fiya kuwa ko kusa. Maganin ƙumar kare ma kar a shafa mata, akwai mai sinadarin fametirin da ke kashe kyanwa. Ki kai ta asibitin dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko wani likitan dabbobi kusa da ke, ki faɗa musu tana shayarwa su ba da wanda ya dace.

In ta ƙi hawa, ɗauko tsumma ɗaya daga kwandon da ta saba ki shimfiɗa a kai, ki ajiye a lungun da ba hayaniya.

Na kare ɗinkin iri ɗaya ne, sai dai a auna shi yana kwance daga hanci zuwa gindin wutsiya a ƙara taƙi guda, jins ninki biyu ko tamfol saboda yana tono kafin ya kwanta. Ki ce wa maigida ya sa kafinta ya buga ɗan dandamali na katako mai gajerun ƙafafu a ɗora a kai a inuwa, iska ta riƙa bi ta ƙasa, damina ma laima ba ta taɓa shi ba. Amma matsalar kare kaska ce, ita kuma a tsagar bango take ɓuya, wanki kaɗai ba zai raba shi da ita ba, sai an toshe tsagogin an kuma nemi magani wajen likita. In an je a haɗa da allurar rigakafin haukan kare.