Ku Tambayi Baba: Bagobiri ne ni, Kirista ne ni, ina zan sa kaina?

Masu karatu barkanmu da war haka. Wasiƙu sun taru watan nan, uku na ɗauko, ta farkon ce ta cinye mani wuri don haka sauran biyun ku yi haƙuri da gajeren jawabi.

TAMBAYA

Baba ina wuni, ya iyali, ya zafin Yamai? Ni ɗanka ne shekarata 31, nan Yamai aka haife ni kuma ina aiki a wani buro. Kakana Bagobiri ne na wajen Madawa, azne ne tun asali, ya tafi neman aiki Galmi yana saurayi can ya karɓi bishara shi kaɗai cikin 'yan uwansa, sauran daga baya duk sun musulunta yanzu yawancinsu suna Tahoua. Damuwata Baba kullum sai na yi bayanin kaina. A wurin aiki in na ce ni Bahaushe ne kuma ranar Lahadi egiliz, wato majami'a, nake zuwa sai a bushe da dariya a ce kai faɗi gaskiya, uwarka 'yar Togo ce ko 'yar Benin? A egiliz kuma da yake baƙi 'yan bakin teku sun fi mu yawa in na sa babbar riga da hula sai ka ji ana ga alhaji ya iso. To kwanan nan aka turo mani wani odiyo a WhatsApp wai Gobirawa jikokin Kibɗawan Masar ne, wato Kiristocin Masar na tun da, wai tun asali mu Kiristoci ne, har ma wai gicciyen azurfa na Agadas da na Tahoua shaida ce. Gaskiya na ji daɗi ƙwarai, ina son in riƙa nuna ma masu yi mani dariya. Gaskiya ne? Na biyu madam tana da ciki, in namiji ne ina so in sa masa sunan kakana Nomau amma wasu a majami'a sun ce sunan azna ne yana ɗauke da la'anar kakanni. Mi za ka ce?

Ɗanka daga Yamai

AMSA

Ɗana lafiya lau, Allah shi sauki madam lafiya.

Bari in fara da odiyon nan tunda shi ya fi faranta maka rai, kuma shi ne zan ɗan ɓata maka. Maganar Kibɗawa ba mai odiyon ya ƙirƙiro ta ba, tsohuwar magana ce, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu da kansa ya rubuta cewa ana faɗin Gobirawa daga Kibɗawan Masar suka fito. Amma ka je fadar Tsibiri ko Sabon Birni ka zauna da maroƙa da tsofaffi, za ka ji wani ya ce a'a daga ƙasar Larabawa muka taso, wani kuma ya kawo maka labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu a Daura ya ce Duma ɗan Bawo shi ya kafa Gobir, ka ga ke nan Bagadaza inda aka ce Bayajidda ya fito. Gida ɗaya asali uku. Kowace sarauta a ƙasar Hausa da Barno tana son a ce daga gabas ta fito, don a wancan zamanin shi ne darajar. Abin da masu tarihi suka fi tsayawa a kai shi ne Gobirawa sun zauna Azbin kafin su gangaro kudu, suka yi Birnin Lalle, daga baya Alƙalawa wadda ta faɗi hannun masu jihadi a 1808, sannan Tsibiri. Cikin duk wannan tafiyar babu wanda ya tono kangon majami'a ko ya samo wata takardar addu'a ta Kibɗawa a hannun Bagobiri. Gicciyen azurfa kuma aikin maƙeran Buzaye ne, akwai na Agadas, na Tahoua, na Ingal da sauransu har 21 da ake jerawa cikin allo a sayar ma masu yawon buɗe ido, kuma su kansu masu sa shi a wuya Musulmi ne, ba su taɓa ce maka alamar Almasihu ce ba.

To ka ɗauka ma gaskiya ne, mi zai ƙara maka? Ranar da ka kai wannan hujjar buro wani mai karatu zai tashi ya ce to ai Masar ɗin ma yau yawancinsu Musulmi ne, sai ka ce mi? Kuma in bangaskiyarka sai ta jingina da cewa kakan kakanka na Masar Kirista ne, to Bazabarmen da ke zaune kusa da kai kan benci ranar Lahadi fa, ko Bagurmen, su da ba su da Kibɗawa a baya, nasu bin Yesu na aro ne? Kana da tarihi na gaske a hannu kana neman na nesa. 'Yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) sun sauka Damagaram a 1924, daga nan Tsibiri, cibiyar Gobir ɗin taku. An buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932. Asibitin Galmi an buɗe shi a 1950, kuma har yau daga Ƙonni, Madawa, Tahoua har daga Najeriya mutane na zuwa. Ka lissafa da kanka, shekara 100 ke nan ana wa'azi ana waƙa ana jana'iza da Hausa a ƙasar nan, Allah muke cewa, Ubangiji muke cewa, amin muke cewa. Mu kaɗan ne, ba mu kai 1 cikin 100 na 'yan Nijar ba, shi ya sa wanda ya tashi a Yamai bai taɓa ganin Bahaushe Kirista ba sai ya zaci duk Kirista daga Kwatano ko Lome ya zo. Rashin sani ne, yawancinsu ba da mugun nufi suke yi ba. Wanda ya ce uwarka 'yar Togo ce kar ka buɗe masa littafin tarihi, faɗa masa sunan garinku da sunan kakanka da na uban kakanka, ka tambaye shi nasa. In kuwa Bazabarme ne ai ka huta, abokin wasanka ne, Bagobiri ba ya rasa abin da zai mayar ma Bazabarme.

Su kuma masu ce maka alhaji a egiliz, ci gaba da sa rigarka. Kwat da karabat ba su sauko daga sama ba.

Yanzu maganar Nomau, nan ne raina ya ɗan sosu. Nomau fa sunan yaron da aka haifa lokacin noma ne, kamar yadda ake Ɗanladi ga na ranar Lahadi, Tanko ga wanda ya biyo mata, ina tsafi a nan? Kuma mutumin nan da wannan sunan ya karɓi bishara, da shi ya jure gorin 'yan uwa, da shi ya reni ubanka har kai ka tashi ka tarar da Littafi a gidanku. Yau wani wanda bai san hanyar Madawa ba zai ce sunansa la'ana ne? Wannan koyarwar ta la'anar kakanni ta yi yawa yanzu, musamman a wa'azin da ake kallo a talabijin da Facebook, komi ya samu mutum, rashin aiki, rashin aure, ciwon ciki, sai a ce kakanninka ne, ka zo a karya. Suna kafa hujja da Littafin Fitowa 20:5, inda aka ce ana hukunta 'ya'ya saboda laifin ubanni. Amma su buɗe Ezekiyel sura 18 mana, inda mutanen Isra'ila ke karin maganar nan wai ubanni sun ci 'ya'yan inabi masu tsami haƙoran 'ya'ya suka mutu, Ubangiji ya ce kar a ƙara faɗin haka, ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba. Kuma ka duba Afolos a Ayyukan Manzanni 18, mutumin Iskandariya, (ga Masar ɗin da kake so), sunansa daga sunan wani gunkin Helenawa aka samo shi, ya yi wa'azi da shi har Bulus na kiransa abokin aiki, babu wanda ya ce sai ya canza.

Sannan ka zauna da madam ku karanta Matiyu sura 1, wadda kowa ke tsallakewa don wai jerin sunaye ce. Bayahude ya rubuta asalin Yesu bai share kowa ba, Tamar na ciki, Rahab ta Yariko na ciki, Rut 'yar Mowab wadda iyayenta ba su san Ubangiji ba na ciki, har matar Uriya da abin kunyar da Dawuda ya yi. Bulus kansa ya san shi ɗan kabilar Biliyaminu ne yana faɗi a Filibiyawa 3, abin da ya ƙi shi ne a dogara da shi, shi ya sa ya gargaɗi Timoti kan masu ɓata lokaci da tatsuniyoyi da jerin asali marar iyaka. Odiyonka na WhatsApp kusan nan ya faɗa.

Abu ɗaya da ba ka tambaye ni ba amma zan faɗa. Ka ce dangi na Tahoua, yaushe rabonka da su? Don na lura da mu Kiristocin Hausa na Yamai, muna kukan an ware mu alhali mu ma mun daina zuwa. A yi rasuwa mu aika saƙo a waya, a yi biki mu ce aiki. Nisan bai kai a ce ba a iyawa ba, ka hau kar da asuba ka bi Doso, Dutsi, Ƙonni kafin dare kana Tahoua. Zumunta a ƙafa take. Wanda ake gani a zaman makoki yana zaune kan tabarma ana gaisawa da shi ba a tambayarsa ko Bahaushe ne. In Allah ya sauki madam lafiya ka kira baffanninka da gwaggwanninka suna, a yanka rago a raba goro da dabino, fasto ya yi addu'a, su ji an raɗa ma yaro Nomau sunan ɗan uwansu. In kana so ka haɗa masa da na Littafi, Bulus ko Yohanna, a rubuta duka biyun a takardar haihuwa a meri.

TAMBAYA

Baba ni ɗiyarka ce daga Tahoua, ni da maigidana Kiristoci muke amma duk kartiyenmu Musulmi na. Kowace Tabaski maƙwabta suna aiko muna da nama faranti faranti, wata 'yar uwa ta ce haram na gare mu mu ci. Kuma can ƙauyenmu akwai wani tsoho ƙanen kakana da har yanzu yana yanka jan zakara bakin gona kahin a yi shibka, in munka je sai ya ce kowa shi ci. Duka ɗaya na?

AMSA

Ɗiyata ba ɗaya ba ne. Layya maƙwabcinki ya yi ta da sunan Allah yana tuna Ibrahim da ragon da aka ba shi, labarin da ke ma kina da irinsa a Farawa 22, ya kwana yana gashi bakin wuta washegari ya tuna da ke ya aiko yaro da faranti. Ki karɓa hannu biyu ki yi godiya ki ci, ranar Nowel ke ma ki dafa shinkafa da kaji ki aika, naman kuma ki sayo na mahauci ko ki ba maƙwabci ya yanka don su ci hankali kwance. Ni dai haka nake yi. In 'yar uwar nan zuciyarta ba ta kwanta ba kar ta ci, amma kar ta mayar da farantin, ta ba wani, kuma kar ta hana ki.

Zakaran bakin gona kuwa an faɗa miki a fili ga wanda aka yanka ma, iskokin gidan ne. Nan 1 Korantiyawa 10:28 ta yi magana kai tsaye, in an ce miki wannan na hadaya ne kar ki ci. Sai dai akwai yadda ake ƙi. Ki durƙusa ki gaida tsoho, ki kai masa goro da sukari da sabulu, ki ce Baba ka san hanyar da na bi, wannan ban iya ci amma tuwon dare ni zan tuƙa. Tsofaffin azna sun fi kowa sanin abin da ake kira hani, kowane gida na da abin da ba ya ci, ba zai ji haushi ba in ba raini ya gani ba.

TAMBAYA

Baba ni kaɗai ne Kirista a gidanmu, mahaifina na da rai kuma muna shiri ƙwarai, amma 'yan uwa na cewa ranar da ya faɗi ba ni da ko taki ɗaya a gonar gado. Ina da mafita?

AMSA

Ɗana a fiƙihun Musulunci babu gado tsakanin addini biyu, kuma rabon gado a yawancin garuruwanmu malamai ke yinsa, don haka kar ka jira ranar ka ce za ka yi rigima. Amma fiƙihun nan dai bai hana uba ya yi ma ɗansa kyauta yana da rai da lafiyarsa ba, kuma ya yarda da wasiyya har kashi ɗaya cikin uku ga wanda ba magaji ba. Kai ba za ka iya tunkarar tsoho da zancen mutuwarsa ba, ka samu baffa ko amininsa ya yi masa maganar. In ya amince a yi a gaban mai gari da shaidu da 'yan uwan naka suna zaune, a auna gonar, hukumar filaye ta gari wadda ake kira kofo ta ba ka takardar kyauta, ka fara nomanta tun yana gani. In kuma bai amince ba kar ka fasa aika masa da buhun hatsinsa da kuɗin magani.

Mai tambaya kan auren Bakatolika da ɗan EERN (majami'ar 'yan bishara ta Nijar), wasiƙarki ta iso, sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.