Tambaya da Amsa: Gwajin DNA na Uba da Salsalar Gida a Intanet

Daga wata baiwar Allah a Jekadafari, Gombe: Ina son sanin asalin mahaifina. Zan iya yin gwajin Y-DNA?

Hajiya, adana kuɗinki. Mace ba ta ɗauke da ƙwayar halittar Y, daga uba take sauka kan ɗa namiji kawai. Sai dai yayanki ko ƙaninki na uba ɗaya, ko baffanki, ya yi. Ba a ɗibar jini, auduga ake gogawa a cikin kumatu. Amma karanta amsa ta gaba kafin ki matsa wa kowa.

Daga wani matashi a Wunti, Bauchi: Na yi gwajin Y-37 a FamilyTreeDNA ta hannun ɗan'uwana da ke Amurka, an ce ni R1b-V88 ne. Muna da salsalar gidanmu a WikiTree, mu da yawa muke gyara ta. Yaya zan ɗora sakamakon? Kuma wai mu jinin Turawa ne?

Ƙanina, daina duba madubi, ba Bature ba ne kai. Reshen V88, wato layin kakanni maza da lambar R1b-V88 take nunawa, ya shafe dubban shekaru a yankin Tafkin Chadi, ana samun sa sosai a tsakanin Hausawa da maƙwabtansu masu harsuna 'yan gida ɗaya da Hausa. Lambar ba ta cewa kai jikan Yakubun Bauchi ne, ba ta kuma mayar da kowa sharifi. Ɗorawar kuwa ba wuya: ka shiga shafinka na WikiTree, dandalin haɗa salsala a intanet, sashen DNA, ka zaɓi kamfani da irin gwajin, ka rubuta lambar. Daga nan shafin da kansa zai liƙa bayanin a jikin sunan mahaifinka da kakanka da sauran mazan da kuka haɗa uba.

To nan ne hankalina yake tashi. Ka tambayi Baffa? Ka tambayi 'ya'yansa? Ƙwayar Y ɗin da ke jikinka ita ce a jikinsu, kusan ba bambanci. In ka baje ta a intanet, sirrin duk mazan gidan ka baje, har da jariran da ba a raɗa wa suna ba. Lambar sirri in an sace sai a canza. Wannan da me za ka canza ta? A 2023 an kutsa kamfanin gwajin DNA na 23andMe aka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 6.9, a watan Maris na 2025 kuma kamfanin ya je kotu ya ce ya karye, aka shiga cinikin wanda zai gaji bayanan jama'a. A 2018 'yan sandan Kalifoniya sun kama wani tsohon mai kisa ta hanyar sakamakon da danginsa na nesa suka ɗora a GEDmatch, shafin da ake kwatanta sakamakon DNA don gano dangi. Wannan kam ya cancanci kamu, amma ka lura: shi bai taɓa ɗora komai ba, dangi ne suka nuna hanyar gidansa.

Abin da ya fi damuna ma a cikin gida yake. A ce gobe ɗan baffanka ya yi nasa gwajin, ya fito E-M2, reshen da ya fi yawa a Afirka ta Yamma. Lambobi biyu mabambanta a ƙarƙashin kaka ɗaya, kowa a zauren WhatsApp na iyali yana kallo. Ka san abin da bakin mutane zai faɗa, kuma kan wata tsohuwa da ke kabari maganar za ta sauka. Alhali a ƙasar nan riƙo ya cika gidaje: yaro ya tashi a hannun kawunsa, ko agola a gidan mijin uwa, a makaranta a rubuta shi da sunan mai riƙon, bayan shekara 60 jikoki su ɗauka mahaifi ne. Ko kuma wani mai gaggawa a cikinku ya haɗe Muhammadu biyu ya mayar da su mutum ɗaya. Kwamfuta ba ta san riƙo ba. Shari'a kuma ta riga ta yanke cewa ɗa na mai shimfiɗa ne, ba ta jira auduga daga Amurka ba.

Don haka ka fara zama da manyan gida. In sun amince, ka rufe shafukan duk masu rai, ka bar ainihin fayil ɗin sakamakon a wajenka, ka kunna tantancewa mai mataki biyu, wato ƙarin shaidar da ake nema bayan lambar sirri kafin a shiga. In mutum ɗaya ya ce a'a, ka haƙura.

Daga wani malamin makaranta a Kumo: Wani ya canza sunan kakana a FamilySearch. Kutse aka yi mini?

Malam, ba wanda ya kutsa. FamilySearch salsala ɗaya ce ta kowa da kowa a intanet, duk mai rajista yana iya gyara ta; gonar gandu ka shiga kana mamakin ganin sawun wani. Buɗe tarihin canje-canje, ka mayar da sunan, ka rubuta hujjarka a wurin, ka aika wa mutumin saƙo cikin mutunci. Sannan, kamar yadda nake nanatawa kullum, ka ajiye kwafin salsalar a fayil ɗin GEDCOM, wato irin fayil ɗin da ake adana salsala a ciki, a kwamfutarka, ka kuma sayi littafi mai bango mai kauri ka rubuta ta da biro.