Amsa ga Malamar da ke neman laftof ɗinta ta farko

Wa alaikumus salam Malama. Na ga tambayarki tun jiya da daddare: an ɗora miki aikin haɗa sakamakon ɗalibai da buga takardu a makarantar da kike koyarwa, kina kuma son ki riƙa shiga taron Zoom da tura saƙon imel, ba ki taɓa riƙe kwamfutar tafi-da-gidanka ba, kuma kuɗin hannunki na adashi ne da kika daɗe kina jira. 'Yan uwa sun yi ta jero miki sunaye, wannan ya ce HP, wancan ya ce Dell. Ni da buga takardu nake ci da iyalina a nan Tudun Wada ta Kaduna, kuma abin da zan ce miki shi ne, sunan da ke bayan murfi shi ne na ƙarshe da za ki duba.

Ta farko da na saya sabuwa ce dal a kwalinta, siririya, ga sheƙi. Mai shagon ya ce min ai sabo ya fi tsoho ko a ina, na yarda. Ma'adanarta giga 32 ce kacal, ƙwaƙwalwar aikinta, wato RAM, giga 4, kuma duk a liƙe suke a jikin allon ciki, ba a cirewa ba a ƙarawa. Cikin wata biyu Windows kaɗai ya cinye wurin. Ranar da ba na mantawa, wani dattijo ya kawo takardar neman aikin ɗansa, yana tsaye a kaina da hularsa a hannu, ni kuma ina kallon ɗan zoben nan yana ta juyawa a sikirin, Word ya ƙi buɗewa. Ya yi haƙuri har ya gaji, ya karɓi takardarsa ya tsallaka shagon gaba. Rabin kuɗi na sayar da ita, kuma har yau abin yana min ciwo, shi ya sa ba na son ya faru da ke.

Idan kuɗin bai kai na sabuwa mai ƙarfi ba, gara ki ɗauki ta hannu irin wadda aka ƙera domin ma'aikatan ofis. Su ne Lenovo ThinkPad, Dell Latitude da HP EliteBook. Kamfanoni a Turai da Amurka kan yi aiki da su 'yan shekaru su sauya, sai a kwaso su zuwa Legas, daga can su iso shagunan Ahmadu Bello Way da kewayen Kasuwar Gumi. Jikinsu na da ƙwari, kibod ɗinsu na da daɗin bugu, kuma masu gyaranmu sun san cikinsu, kayan gyaransu ba sa wuya. Wadda nake aiki da ita yanzu ThinkPad T480 ce, ƙirar 2018, kuma ba ta taɓa kunyata ni gaban mai aiki ba.

Amma a nan ne ake yi wa sabon shiga wayo. Za a nuna miki 'yar takardar da ke manne kusa da kibod, a ce "Hajiya Core i7 ce fa." Wannan sunan firosesa ne, wato injin da ke sarrafa aikin kwamfutar, kuma shi kaɗai bai gaya miki komai ba, don an shekara fiye da goma ana fitar da i5 da i7, zubi bayan zubi. Lambar da ke biye ita ce magana. Idan kin ga i5-8250U, wannan 8 ta farko na nufin zubi na takwas. Idan i7-4600U ce, zubi na huɗu ke nan, tsohuwa ce sosai, kuma waccan i5 ɗin ta fi ta gudu nesa ba kusa ba. Dalilin da ya sa na nace kan na takwas zuwa sama: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma a ƙa'ida Windows 11 daga zubi na takwas yake farawa a yawancin na'urorin Intel. Akwai masu ɗora shi da dabara a kan tsofaffi, sai ki kunna ki ga Windows 11 ki ɗauka lafiya lau. Don haka kada ki tsaya a abin da fuskar ta nuna. Ki danna Ctrl da Shift da Esc tare, ki shiga Performance, zai rubuta miki sunan firosesa da yawan RAM da irin ma'adanar.

RAM kada ta gaza giga 8. Ma'adana kuwa lallai ta zama SSD, wato irin mai saurin nan da babu abin da ke juyawa a cikinta, ko da giga 256 ce. Za a iya zuga ki da HDD mai giga 500 ko tera guda, amma shi faifai ne mai juyawa a ciki, ga nawa, ga shi ba ya son jijjiga, ke kuwa kullum kina cikin Keke Napep da ita a jaka. Giga 256 ya ishe ki takardun makaranta na shekaru.

Sai batir, wanda a garin nan shi ne rabin kwamfutar. Kin san yadda ake ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Kowane mai shago zai ce miki tana yin awa huɗu ko biyar. Ki ce ya buɗe Command Prompt ya rubuta powercfg /batteryreport a gabanki. Rahoton zai nuna lamba biyu, ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da kuma abin da yake iya ɗauka yanzu. In na biyun ya faɗo kusan rabin na farko, batirin ya gaji, ko a sauya ko a rage kuɗi. Bayan haka a zare caja, ki kunna bidiyo, ki nemi kujera ki zauna minti 20 kina kallon yadda cajin ke sauka. Kada ki ji nauyin kowa, kuɗinki ne. In kin samu mai yin caji ta USB-C ya fi, don akwai fawa-bank masu ƙarfi da ke iya ɗaukarta.

Tunda taro za ki riƙa shiga, a wannan zaman ki gwada kyamara da makirfo da lasifika, ki haɗa ta da intanet ɗin wayarki ki kira wani ta WhatsApp ki ji ko yana jin ki. Ki buɗe shafin rubutu ki danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya. Ki sa farin shafi ki duba sikirin ko akwai tabo ko layi. Ki buɗe murfin ki rufe sau da yawa, ki ji ko maƙallin na ƙara. A kuma shiga BIOS, wato saitin can ciki da ake shiga kafin Windows ya tashi, a gabanki a tabbatar babu kalmar sirrin tsohon kamfaninta a kai, don in akwai, cire ta wahala ce babba. Chromebook kuwa, wato laftof mai aiki da tsarin Google maimakon Windows, duk arharta, ki bar ta: ba ta ɗaukar manhajojin Windows, kuma makarantarku da Word da Excel za ta riƙa turo miki aiki.

Kada ki zuba duk kuɗin a kan na'urar. Ki rage na jaka mai soso, da linzami, wato maus, da filas da za ki riƙa ajiye kwafin sakamakon yara, da soket mai kare hawan wuta, domin lokacin da aka dawo da wuta da ƙarfi ne caja ke ƙonewa. Ki tabbatar cajar ta asali ce, ba mara nauyin nan da ke zafi kamar dutsen guga ba. A rubuta miki rasit da lambar jikin na'urar da kwanakin garantin da kuka yi, ko da sati biyu ne, kuma cikin kwanakin nan ki ba ta aiki sosai don in da cuta ta fito da wuri.

Idan kin kai ta gida, ki sa haɗin intanet ɗin wayarki a matsayin metered a saitin Wi-Fi, in ba haka ba Windows zai shanye miki datar wata a dare ɗaya yana sabunta kansa. Kada ki ɗora ta kan katifa ko filo, ta ƙasa da gefe take shaƙar iska, ga zafin Maris da Afrilu, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Ni duk ƙarshen hunturu nake kai tawa a buɗe a hure ta. A saitin harshe kuma akwai kibod na Hausa da za ki ƙara, ki samu ƙ da ɗ da ɓ don sunayen ɗalibanki su fita daidai.

Ranar da za ki je, ki tafi da wani ɗan uwanki da ya ɗan san kan abin, ku je da safe kafin kasuwa ta cika. In kin tsayar da guda biyu ko uku, ki turo mana hoton shafin Performance ɗin nan da na rahoton batir kafin ki biya, in sha Allahu zan duba miki.